Ranar da Ciyaman Ya Shiga Kwata

Kafin mai unguwa ya sani, kafin matan layi su fara zancen a bakin famfo, kafin ma shi mai cutar ya san yana ɗauke da ita, ni Musa mai goro na ga hassada a fuskar Tijjani. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana sai dai in dangwala yatsa. Amma wanda ya yi wa soja dako a yaƙin basasa ya dawo da ƙafafunsa biyu, kwalara ta kayar da shi ta gaji ta ƙyale shi, rikicin garin nan ya zo ya wuce yana nan zaune a bayan teburinsa, ba a koya masa karatun fuska. A kusurwar layinmu nake zama a Unguwar Shanu, mai hawa da mai gangara duk ta gabana suke giftawa.

Tijjani shi ne ciyaman na ƙungiyar samarin layin. Dogo ne, mai shagon kayan gyaran keke napep, Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi son a ji ta. Babban aikin ƙungiyar guda ne, gayyar yasar kwata kafin damina. Layin namu gangara ne. Gidan mai unguwa Alhaji Mansur yana can sama, kwata ta biyo ta ƙofar gidaje har ƙasa, ta shige wani kwalbati da ke ƙarƙashin titi. Gida na ƙarshe, dab da kwalbatin, na Mama Kande ne.

Tun da aka fara gayyar nan, a ƙofar mai unguwa ake farawa, don girmamawa. Zai fito ya yi addu'a, ya ɗebi shebur na farko, a yi tafi. Tijjani kuwa yana kan dakali cikin farar shadda, lasifika a hannu, yana cewa wane matsa nan, wane ɗaga can. Mata suna can gidan Mama Kande suna girki, don ita ke da manyan tukwane da faffaɗar tsakar gida. Da azahar ta yi sai a kawo abinci, a ci, a ɗaga hannu a sake zaɓen ciyaman, kowa ya kama gabansa. Ba a taɓa kai aikin ƙasan layi ba. Duk damina Mama Kande takan ɗora buhun masararta a kan tebur ta ɗaure katifa da igiya, mutane su ce ai gidanta ne a kwari. Tijjani kuwa ba a taɓa samun wanda ya tsaya takara da shi ba, kuma kujerar nan ita ce ransa. Ko a shago, in ka ce masa Tijjani sai ya yi kamar bai ji ba, sai ka ce Ciyaman.

Nuhu ɗan Mama Kande ne. Mutanen Zonkwa ne, Kirista, suna cikin 'yan tsirarun da ba su ƙetare kogi zuwa kudancin gari ba lokacin rikici, da 'yan'uwansu suka kwashe kaya. Ubansa marigayi Yohanna ya ce nan ya gina, nan za a ɗauki gawarsa, kuma haka aka yi. Nuhu malamin firamare ne, shiru-shiru, tun suna yara ya zame wa Tijjani jela. In hannun Ciyaman ya gaji, shi ke riƙe masa lasifika. In Ciyaman ya yi barkwanci, shi ke fara dariya. A taro ba a taɓa jin ya haɗa magana biyu ba.

Ana nan sai Tijjani ya ji a rediyo wata ƙungiya mai ofis a Unguwar Rimi tana neman samarin da za ta tura Ruwanda aikin sa-kai a ƙauyuka. Ya ɗinka sabon kaya, ya ja Nuhu ya raka shi saboda Turanci. Matar da ke tantancewa ta ce su shigo tare, ta yi musu tambaya iri ɗaya, wai mene ne a unguwarsu yake hana su sukuni. Tijjani ya gyara hula ya zuba mata jawabi a kan matasa da ci gaba da yadda yake tara mutane da kira ɗaya. Da aka zo kan Nuhu sai ya sunkuyar da kai ya ce ruwan da ke shiga ɗakin uwarsa.

Nuhu aka ɗauka.

Ranar da labarin ya zo, Tijjani ya tsaya a teburina yana ta fara'a.

"Baba Musa, an ɗauki yaronmu! Ni na kai shi da kaina, ni na nuna masa yadda zai yi magana."

"Madalla, Ciyaman," in ji ni.

Ya miƙa hannu ya ɗauki goro bai duba ba. Mai sankara ne, wanda na ware gefe zan zubar, cikinsa baƙi ƙirin. Ya ɓantara ya tauna ya haɗiye, ya ce kai, goron nan da daɗi. Mutumin da kan juya goro kamar mai zaɓen amarya kafin ya saya! Nan na ce a raina, an gama, abu ya shige shi.

Watannin da Nuhu ya yi a can, Tijjani bai huta ba. Hotuna suka riƙa zuwa ta waya, ga Nuhu da dutse a ka, ga shi cikin jan laka har gwiwa, ga shi a tsakiyar baƙin fuskoki yana dariya da haƙora waje, irin dariyar da ba ta jiran barkwancin kowa. Tijjani yakan nuna wa mutane yana cewa, "Kun gani ko? Dako suka kai shi. Allah ne ya tsare ni." Amma in shago ya yi shiru sai ya koma bayan kanta ya buɗe hotunan, ya ja su da yatsa ya ƙara musu girma, yana duban duwatsun ƙasar da koren ganyenta. Har jirgin saman ma ya dame shi. In ɗaya ya wuce ta saman unguwa sai ka ga ya yi tsaki. Ni ma dai in za a faɗi gaskiya, na taka har Inugu da akwatin harsashi a ka, ba wanda ya ɗauke ni hoto, amma ni ba na sa abu a rai.

Abin da Tijjani ya dogara da shi ɗaya ne. Ya tabbata Nuhu zai dawo da baƙin tabarau da Turanci ta hanci, ya riƙa toshe hanci in ya wuce kwata, unguwa ta yi masa dariya, a huta. Har sunan tsokana ya tanadar masa, Bature.

Sai ga Nuhu ya sauko daga keke da tsohuwar jakarsa, ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa kamar na maƙeri. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya bi dattawan layi gida-gida. Amma da ya miƙe, tsayuwar ba irin ta da ba ce, in yana magana da kai idonka yake kallo. Ya je har shago ya rungume Tijjani, ya miƙa masa tsaraba a leda.

Tijjani ya buɗe. Dogon takalmin roba ne, irin na shiga ruwa.

"Irinsa shugabarmu ke sawa a can," in ji Nuhu. "Da na gan shi kai na tuna, Ciyaman."

"Na gode, Bature," in ji Tijjani, yana murmushi da baki kawai. Da ya koma gida ya wurga takalmin ƙarƙashin gado, ya ce wa matarsa Balaraba, "Kin ga rainin hankali? Ni zai kawo wa takalmin leburori."

"To Baban Zainab, ai ruwa ba ya tambayar muƙami in zai jiƙa ƙafa."

"Ke ma kin koma Ruwandan ke nan?"

Da yamma samari kan taru a benci kusa da teburina. Da, Tijjani suke kewayewa. Yanzu sai ga shi a bakin benci, ana cewa Nuhu ba mu labari. Nuhu ya ce wadda ta shugabance su wata dattijuwa ce manomiya. Da ya isa, ya zo mata da dabarun da ya karanta, sai ta ce ya ajiye, ya jira a yi ruwa. Da aka yi ruwa ta tura shi ya bi shi da ƙafa daga kan tudu, kada ya tsaya sai ya ga gidan da ruwan ya shiga, ya gaishe da mutanen gidan, ya tambaye su. Ta ce a nan ake fara aiki, a yi ta hawa. Ya ce ita ke fara shiga rami, ita ke cin abinci a ƙarshe. Wani ya tambaye shi ya take yi da malalata da masu taurin kai. Nuhu ya yi dariya ya ce ba ta faɗa da kowa. Takan zauna ta lura da mutum har ta gano abin da ke tsikararsa, wani yabo, wani kunya, wani gasa, sai ta ba shi aikin da zai sosa masa wurin.

Ni duk wannan na sani tun ba a haifi dattijuwar ba, ba a dai tambaye ni ba ne.

Tijjani ya ce, "Wato sai da ka hau jirgi ka gano ruwa gangara yake bi?"

Ya jira dariya. Mutum ɗaya ne ya yi, shi ma tari ne ya taso masa.

A taron shirya gayya abin ya fito fili. Nuhu ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce yana roƙon bana a fara daga kwalbati a hau sama, ko da ba za a gama ba. Bai ɗaga murya ba, bai kawo sunan Ruwanda ba. Mutane suka riƙa gyaɗa kai. Can baya wani ya ce, "Wallahi bana Malam Nuhu ya kamata ya tsaya mana takara." Tijjani ya ji maganar ta sauka a ƙirjinsa kamar an ɗora masa injin keke. Ya ce magana ce babba, sai an yi shawara, ya ɗaga taro.

Washegari ya tafi gaida mai unguwa. Ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ba na son kawo ƙara. Amma yaron nan ya je waje ya koyo raina manya. Wai bana a tsallake ƙofarka. Shebur ɗin da kake ɗiba tun muna goye, wai a kai shi ƙofar gidansu."

Alhaji Mansur mutumin kirki ne, amma yana son girmansa. Ya ce muddin yana numfashi ba za a sauya abin da aka saba ba. Nuhu ya je don ya yi bayani, aka ce Alhaji yana barci. Ya koma, aka ce ya fita. Tijjani kuma ya yi ta ɗaga ranar gayya, yau ba a samu shebur ba, gobe ana biki, yana jiran zafin Nuhu ya huce a zukatan mutane. Yana cikin jan ƙafar damina ta sauka. Gayyar da ake yi kwata na bushe, bana sai da aka sha ruwa aka ƙara kafin a sa mata rana.

Ana gobe gayya aka wuni ana tafka ruwa. Kusa da gidan mai unguwa akwai wani kango mai zurfi da ke zubar da ruwansa cikin kwata, amma yashi da leda da ɓaraguzai sun toshe bakin. Da gari ya waye kangon ya cika ya batse, ya zama tafki.

Tijjani ya fito cikin farar shadda sabuwa, ya ɗauko mai kalangu, abin da ba a taɓa yi ba. Samari suka bi kiɗa suka yi sama. Nuhu ya gangara kwalbati da wasu 'yan ƙalilan da dogon ƙarfe. Bai daɗe ba ya hawo da sauri, ya ja Tijjani gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ciyaman, don Allah ku yi ko'ina amma kada ku fasa bakin kangon nan tukuna. Akwai abin da ya toshe kwalbati can ciki, ba mu kai gare shi ba. Ka ba mu zuwa hantsi."

Da a ce su biyu ne a ɗaki, da Tijjani ya ji. Ba wawa ba ne, ya ga tafkin, ya san layinsu. Amma ya hangi idanun samari a kansu, ya ga ɗan jelarsa na jiya yana gaya masa abin da zai yi. Sai ya ɗaga lasifika.

"Jama'a, kun ji! Injiniyan Ruwanda ya ce ruwan ƙofar mai unguwa ya zauna ya jira izininsa! Mu da ba mu hau jirgi ba, mu fasa ko kada mu fasa?"

"A fasa!"

Mai unguwa ya yi addu'a ya ɗebi shebur na farko. Mai kalangu ya saki kiɗa. Samari suka sa diga a bakin kangon, suna sara suna ihu. Nuhu ya juya ya gangara da gudu yana kiran mata su ɗauke tukwane.

Bai riga ruwan ba. Ni ina kusurwa na gan shi ya wuce ta gabana, baƙi, mai kauri, ɗauke da leda da robobi da mataccen kaza, yana tafe yana kumfa. Na ga ambaliya iri-iri a garin nan, amma ban taɓa ganin wadda aka rako da kalangu ba. Ya daki bakin kwalbati, bai samu hanya ba, ya juyo ya haye dakalin Mama Kande ya shige gidan kamar an gayyace shi.

A sama Tijjani yana ta murna, ƙofar mai unguwa ta yi fes. Sai ihun mata ya taso. Mai kalangu ya tsaya. Can sai ga Balaraba ta hawo, zaninta sharkaf, ludayi a hannu.

"Baban Zainab! Ka zo ka ga aikinka! Wuta ta mutu, shinkafa da wake na yawo a tsakar gida, ruwa har kan gadon Mama. Tsohuwar da ta yi mini wankan jego, ita ka aika wa wannan?"

"Ke, a gaban mutane..."

"A gaban mutanen ka fasa!"

Jama'a suka kwasa suka yi ƙasa, aka bar shi a kan dakali da lasifika ba mai sauraro. Ya bi su. Da ya iso, Mama Kande na tsaye a bakin ƙofa, ruwa a ƙaurinta, tana rungume da hoton mijinta. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ka yi hankali da shaddarka, wurin ba kyau." Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Nuhu kuwa yana cikin kwata a bakin kwalbati, ruwa har ƙirji, yana zura ƙarfe yana lalube. Mutane sun yi dafifi a bakin titi. "Nuhu! Sannu Malam Nuhu! Allah ya yi maka albarka!" Wayoyi duk sun ɗaga sama, ana ɗaukarsa.

Daga baya masu son gyara zance sun ce nadama ce ta kama Tijjani. Ƙarya suke yi, ina kusa da shi. Ya dubi gidan, gaskiya ne, kuma jikinsa ya yi sanyi. Amma abin da ya motsa ƙafarsa wayoyin nan ne. Ya ga an kai Nuhu Ruwanda an bar shi, ga shi yau ko a cikin kwatar layinsu Nuhu ake ɗauka. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya danƙa mini lasifika.

"Baba, riƙe."

Ya faɗa ciki da shadda da hula da takalmin fata. Ruwa ya yi tsalle har kan masu kallo.

"Matsa, Bature! Aikin ba na masu alli ba ne."

Nuhu ya matsa ba musu. "Yana can hagu, Ciyaman. Ina taɓa shi da ƙarfe amma hannuna bai kai ba. Naka ya fi tsawo."

Tijjani ya kwantar da kumatunsa a kan ruwan nan da ko kare ba ya sha, ya zura hannu har kafaɗa. Ya lalubo, ya kuɓuce. Ya sake, ruwa ya shiga bakinsa, ya tofar ya yi ashar, ya nemi gafarar Allah, ya sake zurawa. Sai ya damƙi abu. Tsohuwar katifar soso ce ta naɗe da tayar mota. Ya ja, ba ta motsa ba. Nuhu ya saƙala ƙarfe a tayar, wasu samari suka diro suka riƙe ƙugun Tijjani, aka ja gaba ɗaya. Kwalbati ya yi wani gurnani, katifa ta fito, ruwa ya zuƙe da ƙarfin da ya tafi da hular Ciyaman da takalminsa ɗaya.

Ya fito baƙi tun daga gemu har ƙafa, yana haki, yana satar kallon wayoyi. Wannan karon shi suke ɗauka. Na ga ya ɗan gyara tsayuwa.

Alhaji Mansur ya gangaro da sandarsa. Rabonsa da ƙasan layi an daɗe. Ya leƙa ɗakin Mama Kande, ya ga sabon ruwa, ya kuma ga tabon na shekarun baya a bango, layi a kan layi. Ya juyo ya dubi tsohuwar. Sannan ya ce, "Kande, ashe haka kike kwana, kina kuma dafa mana abinci?" Ta ce, "To ya za a yi, ranka ya daɗe." Ya ce daga bana shebur ɗinsa na farko a ƙofarta zai riƙa ɗiba, girman nasa ya biyo shi nan in yana so.

Zaɓe kuwa ba a fasa ba. A nan bakin kwalbati aka yi shi, da yunwa, ga warin kwata, ga shinkafa a ƙasa kaji na tsattsaga. Aka ce masu son Tijjani. Hannuwa suka tashi jefi-jefi, waɗansu suka kai rabi suka koma sosa ƙeya. Aka ce masu son Nuhu. Tijjani bai ɗaga kai ba, amma ya ji motsin riguna ta ko'ina, har ta bayansa inda abokan shagonsa suke. Katifar da ya ciro ba ta biya tukunyar da ya kifar ba.

Ya karɓi lasifika a hannuna ya miƙa wa Nuhu.

"Ga shi, Bature. Batirin na wasa, sai ka ɗan buga shi."

Nuhu ya karɓa ya ajiye a kan dakali bai kunna ba. Ya ce abin da ya faru yau ya isa, ba za a ƙara jiran shekara ba, duk Asabar ɗin ƙarshen wata za a duba kwalbati. Ya ce kowa ya gani da idonsa, shi ya gwada ya kasa, Tijjani ne ya buɗe shi. Sannan ya ƙara da cewa, yana kallon sama kamar ba da kowa yake ba, "Ni dai da sassafe za ku same ni a nan. A can na saba, kafin kowa nake isa wurin aiki. Ban ga wanda zai riga ni a layin nan ba."

Tijjani ya juya. Ya tafi gida da takalmi ɗaya, yara da manya na ba shi hanya saboda wari.

Asabar ɗin farko da aka sa, ina shimfiɗa goro bayan an fito masallaci, sai ga mutum ya gifta da shebur a kafaɗa, ƙafarsa cikin dogon takalmin roba, yana sauri yana waige. Na ci gaba da jera gorona. Can sai ga Nuhu ya ɓullo ta lungu, don ta baya ya zagayo daga gidansu. Maimakon ya gangara sai ya zauna a bencina ya ce in ba shi goro, shi da ba ya ci.

"Malam Nuhu, ba ka makara ba?"

"Bari dai tukuna, Baba."

Muka zauna. Sai da muka ji ƙarar shebur na kartar siminti daga ƙasa, sannan ya miƙe ya tafi da ɗan gudu kamar wanda barci ya sace. Daga nan ina jiyo muryar Tijjani, ba ya bukatar lasifika.

"Sai yanzu, Ciyaman? Haka ake yi a Ruwandan? Ai har na gama rabi!"

Haka ake yi har yau. Damina ta wuce, wata ta zo, buhun Mama Kande yana ƙasa. Kada wani ya ce muku Tijjani ya warke. In jirgi ya wuce har yanzu yana tsaki, in an kira Nuhu Ciyaman sai ya duba wayarsa, kuma ya rantse badi sai ya karɓi kujerarsa. Yakan tsaya a teburina ya ce, "Baba Musa, ka ga shugaban naku? Kullum ni ke riga shi." In ce na gani. Goro kuwa ya koma juya shi yana dubawa kafin ya saya, wannan kaɗai ne sauƙin da na ga ya samu.

Wanda ya ce tsufa ne ke sa ni ƙari, hanya a buɗe take. Ya zo Unguwar Shanu Asabar ɗin ƙarshen wata, ya tambayi teburin Musa mai goro, ya zauna a bencina mu jira tare. In ya ga wani ya riga Tijjani shiga kwatar nan, ya kwashe goron teburin duka har da farantin. In kuma yana ji da ƙarfin hali, ya gangara ya tsaya a bakin kwalbati, ya dubi mai dogon takalmin ya tambaye shi wa ya kawo masa shi.